Rabon Mai Taɓin Hankali A Minna: Wa Ke Riƙe Da Shi, Wa Ke Tambaya?

Duk wanda ya taɓa halartar zaman rabon gado a wani zaure a Limawa, ko Kpakungu, ko Bosso, ya san yadda abin ke tafiya. Bayan an yi sadakar arba'in, a kan kira malami, a tara magada, a lissafa abin da mamaci ya bari. A biya bashi, a fitar da wasiyya, a ba matan gida tumunin takaba, sa'an nan a raba sauran tsakanin waɗanda suka cancanta. Kowa ya miƙa hannu ya karɓi nasa.

Amma a gidaje da yawa a kan sami mutum guda cikin magada wanda ba ya cikin zauren. Yana can ɗakin baya, ko yana zaune a dakalin ƙofar gida yana kallon masu wucewa. Ya ba shekara talatin baya, watakila ma arba'in, amma tun yana yaro hankalinsa bai kai na tsararrakinsa ba, ko kuwa ciwon taɓin hankali ne ya same shi bayan ya girma. Malami ya kan fitar masa da kasonsa cif-cif, domin shari'a ba ta hana mai taɓin hankali cin gado ba. Da an zo miƙawa sai babban wa ya ce a kawo ya ajiye masa. Kowa ya ce madalla, a shafa Fatiha, a watse.

Daga wannan rana da wuya a sake jin wani ya ta da zancen wannan kaso. Ba a rubuta abin da aka damƙa wa mai ajiya ba, ba a sa ranar da zai zo ya faɗi abin da ya kashe da abin da ya saura ba, ba kuma wanda aka ɗora wa alhakin tambayarsa. Shi kuwa mai dukiyar ba shi da bakin da zai tambaya.

Lalle ba daidai ba ne a yi wa 'yan'uwa kuɗin goro. Akwai yayye da ƙanne a Minna da suka ciyar da ɗan'uwansu mai lalura shekara da shekaru, suka kashe ninkin-ba-ninkin abin da aka ba su ajiya, ba su taɓa yi masa gori ba. Abin dubawa shi ne, mai amana da maci amana duk hanya ɗaya suka bi suka karɓi dukiyar, kuma babu ranar da aka sa ta bambance su.

Su wa a ke nufi?

Ya kamata masu karatu su fahimci cewa ba dukkan nakasassu a ke magana a kansu ba. Makaho da kurma da gurgu da kuturu hankalinsu ɗaya da na kowa, suna ciniki, suna aure, suna kai ƙara. A ƙasar Hausa tun da daɗewa suna da sarakunansu, akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, yanzu kuma ga ƙungiyoyi na zamani da ke zuwa gaban gwamna su faɗi kukansu da bakinsu. Wanda ya taɓa wa makaho rabonsa zai ji a jikinsa.

Waɗanda a ke nufi su ne baligai da ba za su iya yanke shawara a kan dukiyarsu da lafiyarsu ba. Akwai wanda aka haifa da raunin ƙwaƙwalwa, akwai wanda taɓin hankali ya yi wa tsanani. Akwai ɗan acaɓan da ya faɗi ya bugu a ka, ya tashi ba yadda ya ke da ba, da magidancin da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki har magana ta ɗauke. Ga kuma dattijon da gigin tsufa ya kama, yana tambayar matarsa ko ita wace ce. Waɗannan ba su da sarki, ba su da ƙungiya, kuma ba za su taɓa yin jerin gwano zuwa Gidan Gwamnati ba.

A zamanin da, abin da irin wannan mutum zai gada bai wuce gona da ɗaki da 'yan awaki ba, jama'ar gari kuma kowa ya san gonar wane ce. Minna ta yau ba haka ta ke ba. Garin Gwarawa ne da hanyar jirgin ƙasa ta raya a farkon mulkin Turawa, ya zama hedkwatar Jihar Neja da aka ƙirƙiro ta a watan Fabrairu na 1976. Ma'aikata suka kwararo, aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983, gari ya miƙe ta hanyar Bida har Gidan Kwano, ya miƙe ta Chanchaga da Maitumbi. Gonar dawa da kakan mutum ya sara a daji ta koma fegi-fegi, dillalai na zarya a kanta. Tsohon gidan ƙasa a bakin titi ya zama wurin da za a fitar da shaguna. Watau kason da aka ba babban wa ajiya ya tashi daga abin da ba a damu da shi ba ya zama abin da zai iya raba zumunci.

Abin da littattafan alƙalai suka tanada

Abin mamaki shi ne, ba rashin hukunci ya jawo wannan sakaci ba. Mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar nan ke yanke hukunci da ita tun kafin zuwan Turawa, ta ware wa al'amarin babi guda da a ke kira hajru, watau hana mutum tasarrufi da dukiyarsa domin a tsare masa ita. Yana cikin Muhtasar na Halilu, yana kuma cikin Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim, littattafan da ba a rasa su a gaban alƙalan Arewa. Tushensa kuwa yana cikin aya ta 5 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana a sakar wa wanda bai iya juya dukiya ba dukiyar, ta kuma yi umurnin a ciyar da shi, a tufatar da shi daga cikinta, a yi masa magana mai daɗi.

Malikawa sun jera waɗanda ke da ikon riƙe dukiyar. Idan lalurar ta sami mutum tun kafin ya balaga, uba ne waliyyinsa. In uba ya rasu sai wasiyyinsa, watau wanda ya ambata tun yana da rai cewa shi zai kula da ɗan. In babu wasiyyi sai alƙali, shi kuma ya naɗa wanda ya amince da shi, ana kiransa muƙaddami. Idan kuwa mutum ya balaga da hankalinsa, ya riƙe kansa, daga baya ciwo ya same shi, to al'amarinsa na hannun alƙali ne kai tsaye, inda babu alƙali kuma sai jama'ar Musulmi su tsaya a madadinsa.

A lura da wanda ba ya cikin wannan jeri. Babu wa, babu ƙane, babu baffa, babu kawu, har kaka ma, wanda wasu mazhabobi suka sa, Malikawa ba su sa shi ba. Zumunci kaɗai ba ya ba mutum ikon sayar da gidan ɗan'uwansa. Gaskiya ne malaman baya sun yi sassauci, sun zartar da ƙaramin cinikin da mai riƙo ya yi domin buƙatar wanda ya ke riƙo, wasunsu ma sun ɗauki al'adar gari tamkar wasiyya a inda mutane suka saba ɗan'uwa ya riƙe na ɗan'uwa. To amma ko a nan ɗin, mai riƙon ya shiga sahun wasiyyi ne, sharuɗɗan wasiyyi kuma sun hau kansa.

Sharuɗɗan ba na wasa ba ne, musamman a kan gida da fili. Wasiyyi ba ya sayar da su sai da dalili, kamar a rasa abin ciyar da mai dukiyar, ko bashi ya hau shi, ko gidan ya kama hanyar rushewa ba abin gyara, ko a sami wata riba bayyananniya. In alƙali ne zai sayar, sai ya tabbatar cewa kayan mallakar mutumin ne, cewa su suka fi dacewa a sayar, cewa an sa su a kasuwa har tayi ya tsaya, kuma farashin bai yi ƙasa da kima ba. Wasiyyin da ha'incinsa ya bayyana, alƙali ya kan tuɓe shi. Har wa yau hanin ba na har abada ba ne. Ranar da mutum ya warke, hanin da aka yi masa saboda ciwon ya faɗi, wanda kuma ciwonsa ke zuwa yana tafiya, abin da ya ƙulla a lokacin da ya ke cikin hayyacinsa ya ƙullu.

Wannan hukunci bai tsaya cikin littattafan zaure ba. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya lissafa al'amuran da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha ke da hurumi a kansu, ya ambaci aure da gado da wasiyya da waƙafi, sa'an nan ya ambaci sha'anin yaro, da almubazzari, da mai taɓin hankali, da kuma ciyarwa da waliccin Musulmin da ke da rauni a jiki ko a hankali. Haka abin ya ke tun a Tsarin Mulkin 1979. Jihar Neja tana da wannan kotu a Minna ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai, ga kuma ƙananan kotuna da ƙara ke farawa daga gabansu. Tun zamanin kotunan En'e alƙalai ke da wannan iko, ba sai da jihar ta faɗaɗa aiki da Shari'a a shekarar 2000, zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure, ba.

Sai dai kotu ba ta bin gida-gida. Tana jiran mai ƙara ne, mutanenmu kuma suna ganin abin kunya ne a kai maganar cikin gida gaban alƙali, balle maganar mai taɓin hankali da a ke ɓoyewa don kada a ƙi auren ƙannensa. Galibi sai magada masu lafiya sun saɓa a tsakaninsu sa'an nan sunan mai lalura ke fitowa a kotu, a lokacin kuwa fili ya riga ya canja hannu sau biyu ko uku, wani ya gina bene a kai.

Minna gari ne na Musulmi da Kirista, Gwarawa da Nufawa da Hausawa da Fulani da Yarabawa da Ibo. Ga wanda ba Musulmi ba, al'adar danginsa ce ke aiki a gida, in an tashi zuwa gaban hukuma kuma Babbar Kotun Jiha ce ke da ikon naɗa wanda zai kula da dukiyar. Wannan hanya tana buƙatar lauya da takardar likita da kuɗi da haƙuri, abubuwan da talaka bai cika haɗa su a lokaci guda ba.

Daga dokar Turawa zuwa ta 2023

Dokar gwamnati ta daɗe ba ta kallon mai taɓin hankali a matsayin mai haƙƙi. Turawa sun buɗe gidan mahaukata na Yaba a Legas a 1907, suka kafa dokar mahaukata a 1916, aka yi mata kwaskwarima a 1958. Abin da ya dami wannan doka shi ne yadda majistare da likita za su tabbatar cewa mutum ya haukace a tsare shi, a kawar da shi daga idon jama'a. Nijeriya ta sami mulkin kai ta ci gaba da aiki da ita fiye da shekara sittin.

A watan Janairu na 2023 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbinta. Sabuwar dokar ta amince cewa mai ciwon yana da haƙƙin a saurare shi a kan maganin da za a yi masa, ta hana ɗaure shi da mari, ta kuma keɓe kashi guda a kan dukiyarsa da harkokinsa. Kafin ita, a watan Janairu na 2019, an sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta haifar da hukumar nakasassu ta ƙasa a 2020. Wannan dokar ta fi mayar da hankali ga hanyar shiga gine-gine da sufuri da makaranta da guraben aiki, inda ta ware kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati. Amma akwai wurin da ta taɓo batunmu, domin ta haramta a ɗauki nakasasshe ana yawon bara da shi. Duk wanda ya tsaya a shataletalen Mobil ko bakin Kasuwar Kure ya san ba kullum ne abin da aka jefa a kwanon ke komawa cikin mai kwanon ba.

Dokokin nan biyu na Tarayya ne, kula da lafiya da walwalar jama'a kuwa yawancinsa aikin jihohi ne, shi ya sa jihohi irin su Legas da Ekiti suka yi nasu dokokin lafiyar ƙwaƙwalwa. Ga kuma ƙarancin likitoci. A wajajen 2019 an ƙiyasta cewa likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane kimanin miliyan 200. Alƙalin da zai hana baligi taɓa dukiyarsa yana buƙatar shaidar masani, iyalin da ciwon ɗansu ya yi tsanani kuwa sau da yawa sai sun ɗauki hanyar Kaduna, zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa.

Katin banki a aljihun wani

Akwai wata sabuwar ƙofa da malaman da ba su san da ita ba, ita ce banki. Minna garin ma'aikata ne da 'yan fansho. A ɗauki misalin tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin jirgin ƙasa da gigin tsufa ya kama, fanshonsa na shiga asusu kowane wata. Tun da aka shigo da lambar BVN a 2014 asusun ya ɗaure da hoton yatsansa da fuskarsa, banki ba zai saurari kowa ba sai shi. Mutane da yawa suna zaton wanda aka rubuta sunansa a takardar banki a matsayin ɗan'uwa na kusa yana da ikon taɓa kuɗin. Ba shi da shi, an rubuta shi ne kawai don a san wanda za a nema in wani abu ya faru. Takardar wakilci ta lauya ma, a bisa asalin dokar da aka gada daga Ingila, tana faɗuwa ne da zarar hankalin wanda ya ba da ita ya gushe, watau daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

To me iyali ke yi? Sai ɗaya daga cikin 'ya'ya ya riƙe katin cirar kuɗi da lambar sirri, ya riƙa zuwa wurin mai POS. Ranar tantance 'yan fansho kuma a ɗauko tsoho a Keke Napep, a riƙe masa hannu ya dangwala. Wani ɗan da kuɗin ya ke sayen magani da abinci har ya cika da nasa. Wani kuwa sai an ga ya sayi sabon babur. A idon banki duk tsohon ne ke cirar kuɗinsa.

A nan ne kuma a ke ganin wani rashin adalci da ba a cika faɗa ba. Mai wanke majinyaci, mai dafa masa, mai kwana ido biyu in ciwo ya motsa, kusan kullum mace ce, uwa ko mata ko 'ya ko ƙanwa. Mai riƙe da kati da takardar fili kuwa namiji ne, wani lokaci ma yana Abuja ko Suleja, sai an yi ta kiran waya kafin ya aiko da kuɗin magani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ikon da ya wuce dukiya

Riƙon mutum bai tsaya ga aljihunsa ba, ya haɗa da jikinsa: ina zai zauna, wane magani za a ba shi, wa zai yanke shawarar a kai shi wani wuri a ajiye. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da maza da yara fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Cikin makonnin da suka biyo aka fasa irinsa a Daura da Katsina da Zariya. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a sassan ƙasar nan da dama, a gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addinin Musulunci da na Kirista, har da wasu cibiyoyin gwamnati.

Abin lura shi ne, yawancin waɗanda aka samu a gidajen nan ba sato su aka yi ba, danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi. Da yawa daga cikin iyayen gajiya ce ta kai su, ba mugunta ba, sun rasa inda za su sa kansu. Amma hakan ya nuna cewa ɗan'uwa na iya ɗaukar baligi ya kai shi a garƙame shekaru, ba takardar likita, ba izinin alƙali, ba wanda zai leƙa ya ga ko yana raye. Turun da a ke sa mahaukaci a zamanin da aƙalla a tsakar gida ya ke, maƙwabta na gani.

Ba dole ne a zaɓi tsakanin dangi da hukuma ba. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Dangi na riƙe da nasu, idon likita kuma na kansu. Duniya ta yaba da tsarin, ƙasar da ta haife shi ce ba ta yaɗa shi ba.

Yadda wasu suka yi

Ƙasar da ta fi kama da mu a wannan fage ita ce Maroko, domin ita ma Malikiyya ta ke bi. Dokar iyalinta ta 2004 ta ɗauki waliyyi da wasiyyi da muƙaddami yadda su ke a littattafai, ta ƙara musu abu biyu. Kotu ta kan nemi binciken likita kafin ta hana mutum dukiyarsa, wasiyyi da muƙaddami kuma sai sun ƙididdige dukiyar tun farko, su riƙa kawo wa alƙali lissafi kowace shekara. A Indiya, dokar 1999 ta kafa kwamiti a kowace gunduma ƙarƙashin shugabanta, wanda ke naɗa wa masu raunin ƙwaƙwalwa mai kula, ya karɓi lissafi, ya tuɓe wanda ya saɓa. A Ingila dokar 2005 ta kafa kotu ta musamman da ofishin da ke sa ido a kan masu riƙo, ta kuma ba mutum damar ya zaɓi wanda zai wakilce shi tun yana da hankalinsa.

Sai dai hanin da kotu ta yi shi ma yana iya zama kurkuku. A Amurka, mawaƙiyar nan Britney Spears ta zauna ƙarƙashin riƙon da kotu ta ba mahaifinta daga 2008 har zuwa watan Nuwamba na 2021, tana fita tana waƙa tana tara miliyoyi, amma ba ta da ikon kashe su sai da izini. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin nakasassu, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ta tsaya a sashe na 12 a kan cewa nakasa ba ta cire wa mutum matsayinsa a gaban doka, abin da ya kamata shi ne a taimaka masa ya yanke shawara da kansa. Peru a 2018 da Kolombiya a 2019 sun gyara dokokinsu bisa wannan ra'ayi. Ana iya jayayya ko hakan zai yiwu ga wanda ciwo ya kai shi inda ba ya gane kowa. Amma yawancin mutanen da a ke magana a kansu ba su kai nan ba. Wanda bai iya cinikin fili ba ya san gidan yayar da ya fi son zama, ya san wanda ke dukansa, ya san ko yana son a sayar da ɗakin da uwarsa ta rasu a ciki. Sau nawa a ke tambayarsa?

Abin da Minna ke iya yi

Yawancin abin da a ke buƙata ba ya jiran sabuwar doka daga Abuja. Alƙalin Alƙalai na iya umurtar kotunan da ke ƙarƙashinsa su buɗe littafin rajista na masu riƙo, yadda duk rabon gadon da ya zo gabansu da magaji mai lalura, ba za a rufe shi ba sai an naɗa mai riƙo da suna, an rubuta abin da ya karɓa, an sa masa watan da zai dawo da lissafi. Malaman da ke raba gado a zaure na iya ƙin miƙa irin wannan kaso sai an rubuta an sa shaidu. Masu unguwa da dagatai a ƙarƙashin Masarautar Minna sun san kowane gida da ke da irin wannan mutum, kuma da wuya a yi cinikin fili a unguwa ba da saninsu ba. Ofishin filaye na iya neman takardar kotu kafin ya juya sunan mai lalura zuwa na wani. Wanda ba shi da kowa kuma ba shi da komai, ga ma'aikatan jin daɗin jama'a, ga hukumar zakka da waƙafi ta jiha.

Akwai kuma abin da ke hannun iyaye tun yau. Babban tashin hankalin uwa da uban da ke da ɗa mai raunin ƙwaƙwalwa shi ne wa zai riƙe shi in sun kwanta dama, amma kaɗan ne ke yin wasiyya a kai, domin mutanenmu suna ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. Alhali shari'a ta ba uba cikakken ikon ya zaɓi wasiyyi, sharaɗin kawai ya zama Musulmi, baligi mai hankali, adali, mai iya ɗaukar nauyin. Ba a ce sai babban ɗa ba, ba a ma ce sai namiji ba. Malikawa sun halatta mace ta zama wasiyyiya, har makaho ma sun halatta. Uba na iya ambaton uwar yaron, ko 'yarsa da ya ga ita ke wanke wa ɗan'uwanta kaya, yana kuma iya haɗa mutum biyu don kada ɗaya ya yi gaban kansa. Abin da a ke buƙata shi ne ya faɗa a gaban adilai biyu, a rubuta, a lissafa gida da gona da asusun da a ke nufi, ya ajiye kofi ɗaya a wurin limamin unguwa, ɗaya a hannun wanda ya zaɓa.